Yadda Injiniya Halliru Ya Gyara wa Hajja Kaka Madafi

Wata huɗu Halliru ya yi a Abuja yana ɗaukar kwalayen tayil daga ƙasa zuwa hawa na uku a wani gini. Amma ranar da ya dawo Roni, da hular kwano ruwan ɗorawa ya sauka daga mota, ga tef ɗin awo rataye a ƙugu. Tun a tasha ya sanar cewa daga yau duk wanda bai kira shi Injiniya ba, to ba da shi yake ba.

Kafin tafiyarsa magini ne na katangar ƙasa da yaɓe, kuma ko a nan ɗin ba a cika nemansa ba sai in sauran magina sun tafi gona. Yanzu kuwa ya dawo da abu biyu. Na farko takardar shaida ce a cikin gilashi, wadda wani kamfanin fenti ya raba wa duk wanda ya iya zaman taron yini ɗaya har aka tashi. Na biyu wani kofi ne mai ruwan zinare da ya tsinta a wurin masu gwanjo. Ya sa aka rubuta masa allo ya ɗaure a bayan babur: INJINIYA HALLIRU, MAI LAMBAR YABO A GYARAN GIDA DA KICIN NA ZAMANI.

"Kicin ɗaya nake nema a cikin Kazaure," ya ce wa 'yan majalisar mai shayi. "Ɗaya tak. In na gama shi, ku da kuke dariya sai kun kama ƙafa kafin ku gan ni."

Ba a yi mako biyu ba allon ya yi masa aiki. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Bilqis ta gan shi a gidan mai a Kazaure ta tsayar da shi. Mahaifiyarta, Hajja Kaka, ta shekara talatin tana suyar waina a madafi ɗaya, har hayaƙi ya fara cin idonta. Mahaifinta kuma, Alhaji Madu mai hatsi, yana aikin Hajji, saura kwana goma sha biyu ya dawo, kuma za a yi masa walima. Bilqis tana so kafin ranar a gyara madafin, uwar ta huta, uban ya dawo ya ga abin farin ciki.

"Kwana goma sha biyu?" in ji Halliru. "Hajiya, a kwana goma sha biyu ai bene nake tayarwa."

Washegari ya iso gidan da kofi a hammata. Ya tsaya a bakin madafin yana kallon bangon da ya yi baƙi ƙirin, yana girgiza kai kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Hajja, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

Hajja Kaka tana juya waina a tanda, ba ta ko ɗago ba. "Wanda ya gina shi ya rasu da daɗewa, shi kuwa ga shi nan a tsaye. Ni dai, ɗan nan, taga kawai za ka ƙara mini, hayaƙi ya sami hanya."

"Taga? Ai a Abuja an daina taga. Yanzu ba a roƙon hayaƙi ya fita, korar sa ake yi da inji."

Ana cikin haka maƙwabcinsu Malam Lauwali ya yi sallama. Tsohon malamin firamare ne, Bafulatani, kuma da yake Hajja Kaka Babarbariya ce, ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Ya karɓi kofin ya juya shi a hankali.

"Injiniya, wannan ɗan mutumin da ke kan kofin, me ya sa ya ɗaga ƙafa kamar zai buga ƙwallo? Ga shi da gajeren wando."

"Kwaɓa ƙasa yake yi, Malam."

"Da lamba tara a bayansa?"

"Yawan ƙasashen da muka kara da su ke nan."

Malam Lauwali ya miƙa masa kofin da hannu biyu. "Allah Ya ƙara ɗaukaka. Hajja, kin ga abin da Allah Ya kawo miki har gida."

Aka mayar da Hajja Kaka tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, da murhun dutse uku. Halliru ya zo da leburori biyu da guduma. Ya zagaya madafin sau uku, ya ja tef, ya rubuta wasu lambobi a tafin hannu, sannan ya nuna bangon gabas ya ce da shi za a fara. Kafin azahar bangon ya kwanta. Ashe bayansa turken awakin Malam Lauwali ne. Awaki bakwai suka tsallako cikin natsuwa kamar waɗanda aka aika wa goron gayyata, suka wuce kai tsaye wurin shinkafar da Hajja ta jiƙa don wainar gobe.

"Malam Lauwali," ta ɗaga murya, "zo ka kwashe danginka."

Ya leƙo ta ɓarakar. "Ai ji suka yi an ce yau Barebari sun buɗe gida. Sun ce abin da ba a taɓa gani ba ne, bari su zo su shaida."

"Ba kuskure ba ne," in ji Halliru yana korar wani bunsuru da hular kwano. "Buɗaɗɗen tsari ake ce masa. Manyan gidaje duk haka suke."

"To rufe mini shi kafin magariba," in ji Hajja, "in ba haka ba ni ma in yi wa kanka buɗaɗɗen tsari da muciya."

Kwana biyu aka yi ana mayar da bangon da bulo. Da yake ba shi da durom, sai ya ga babbar tukunyar biki ta Hajja a kusurwar madafin, wadda ke cin kwano ashirin na shinkafa, ya mai da ita wurin tara ruwan gini. Hajja ta yi faɗa har ta gaji. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ruwa ne kawai, kuma tukunyar ba za ta motsa daga inda take ba har a gama. Wannan alkawari kam ya cika shi.

Rana ta biyar ya ce tayil ɗin Kazaure ba ajinsa ba ne, Babura za shi, wurin wani mai shigo da kaya ta kan iyaka. Aka ce ya ɗauki mota, ya ce injiniya ba ya barin kayansa a hannun direba. Ya ɗaure kwali shida a bayan babur, ya ɗora wani farin tangaran a kan tanki, ya biyo hanya da damina. Da aka buɗe kwalayen a gida, rabin tayil ɗin ya zama tsakuwa.

Bilqis ta dafe kai. "Injiniya, yanzu ya za a yi?"

"Hajiya, da gangan ne. In ba a fasa ba ma sai na fasa da kaina. Zanen ɓawon ƙwai ke nan, shi ake yayi."

"Wannan farin abin fa?"

"Wurin wanke kayan miya ne. Daga Faransa. Duk faɗin masarautar nan babu mai irinsa."

Ya kafa shi a bango daidai ƙugu, ya ja masa famfo. Hajja Kaka ta zo ta duba shi ta sama, ta duba ta ƙasa, ta ce ita ba ta yarda da kwanon da ba a iya kifewa ba, ta koma gindin darbejiya.

Can ɗin ma ba daɗi take ji ba. Kullum da safe sai ruwa ya tsuge, wuta ta mutu, masu sayen waina su tsaya da lema suna gunaguni. Wasu ma sun fara komawa wurin wata mai waina a bakin titi. Duk wanda ya tambayi yaushe za a gama, sai Halliru ya ce aikin da za a ɗauka a hoto ba a yi masa gaggawa.

Ya toshe tsohuwar tagar, ya sa gilashin da ba ya buɗewa. Ya rage faɗin ƙofar don ta dace da wani ƙyauren alminiyom da ya samo. Ya shimfiɗa tayil mai sheƙi har mutum na ganin fuskarsa. Sannan ya tara mutum shida suka ɗora ƙaton tankin ruwa a kan rufin, daidai saman ƙofa.

Malam Lauwali ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. "Injiniya, me ke ɗauke da wannan tankin?"

"Lissafi."

"Na koyar da lissafi shekara talatin da biyar, ban taɓa ganin ya ɗauki ko buta ba."

"Na firamare ka koyar, Malam."

Ranar kwana na goma aka yi gwajin injin korar hayaƙi, wato wata fanka da ya cusa a bango saman murhu. Hajja ta hura wuta, ya ce kowa ya matsa ya ga ikon ilimi, ya danna makunni. Fankar ta kwaso toka da hayaƙi ta watsa wa Hajja a fuska. Ta fito tana tari, gira da goshi fari fat.

Bilqis ta riƙe ta tana share mata ido da gefen mayafi. "Injiniya, don idon nan na kira ka."

"Iskar gidan ce ke tafiya a baibai, Hajiya. Yanzu zan daidaita ta."

Ya juya fankar, ya haɗa mata dogon bututu, ya fitar da shi ta bayan katanga. Hayaƙi ya daina dawowa. Babu wanda ya tambayi inda yake zuwa.

Alhaji Madu ya sauka ranar Alhamis, aka sa walima Asabar. Tun da ya dawo bai sami shiga cikin gida sosai ba, yana soro yana karɓar masu barka da zuwa, ana raba dabino da zamzam. Asabar da sassafe mata suka cika gidan. Aka wanke babbar tukunya a inda take, aka ɗora dafa-duka. Zaituna, matar Malam Lauwali, ita ce ta fara taka tayil da jiƙaƙƙen silifas. Ta tafi suuu daga bakin ƙofa har gindin murhu da tiren albasa a hannu, ba ta ɗaga ƙafa ko sau ɗaya ba. Daga nan mata suka koma tafiya suna dafa bango kamar masu koyon tatata.

"Saurin aiki ke nan," in ji Halliru daga waje. "Da sai ta yi taku shida."

Wajen hantsi Malam Lauwali ya shigo soro da farar babbar rigarsa ta Juma'a, wadda ta koma ruwan ƙasa, idanunsa jajur, yana warin banda. Ashe bakin bututun daidai tagar ɗakinsa ya tsaya.

"Alhaji, barka da sauka," ya ce. "Ka yi haƙuri ban zo da wuri ba. Tun asuba iyalinka suke ƙyafe ni, sai yanzu na nuna."

Bayan azahar an shimfiɗa tabarmi daga soro har waje. Baƙi sun zo daga Gwiwa, daga Roni, da abokan kasuwancin Alhaji na Babura, sun fi mutum ɗari biyu, takalma sun yi tsibi a bakin soro. Halliru ya ga ranar da yake jira ta zo. Ya sa hular kwano a kan sabuwar shadda, ya roƙi Alhaji da manyan baƙi su zo su ga aiki kafin a ci abinci. Mata suka ja mayafi suka koma gefe.

Ya nuna tayil, ya nuna gilashi, ya nuna fanka. Sannan ya tsaya gaban farin tangaran ɗin, ya ce wa Zaituna don Allah ta zuba tumatir a ciki manya su ga yadda ake yi. Ta ɗauko kwando.

"Dakata, Zaituna," in ji Alhaji Madu. Mutum ne marar yawan magana. Ya matso, ya gyara tabarau. "Halliru, wannan fa?"

"Wurin wanke kayan miya, Alhaji. Daga Faransa."

"To. Na ga irinsa a filin jirgi, sun kai goma a jere a bango."

Halliru ya juya ga jama'a. "Kun ji ko? Har a filin jirgi."

"A bayin maza," in ji Alhaji. "Kuma ban ga mai wanke tumatir ba."

Wani alhaji da suka dawo tare ya rufe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Zaituna ta ja da baya da kwandonta a hankali.

"Sabo ne dai ko?" Bilqis ta tambaya da ƙaramar murya.

Halliru ya sosa ƙeya ta ƙarƙashin hular kwano. "Na hannu ne. Amma bai sha wahala ba."

Dariyar da ta tashi har waje aka ji ta. Waɗanda ke kan tabarmi suka fara tasowa suna tambayar me ya faru, mai faɗa wa wani yana faɗa yana riƙe ciki. Hajja Kaka ta daki ƙyaure da ludayi.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa. Ko ɓawon albasa ban bari an sa a cikin abin nan ba. Abincina a robata na wanke shi. Ku fitar da tukunya a ba mutane su ci."

Ƙarti huɗu suka naɗe hannu da tsumma, suka kama kunnuwan tukunyar, suka taho da ita suna jan ƙafa a kan tayil. Da suka iso ƙofa sai ta tsaya. Suka juya ta, ta tsaya. Suka karkata, mai ya fara zuba, suka mayar. Ƙofar ta gaza tukunyar da kusan taƙi guda.

"Ta ina ta shiga?" wani baƙo ya tambaya.

"Ba ta shiga ba," in ji Malam Lauwali. "A kanta aka yi ginin."

Bilqis ta ce a kawo farantai a riƙa ɗiba daga ciki, ba sai an fitar ba. Kowa ya ce wannan ita ce shawara. Amma Halliru ya ga in aka yi haka an gama da sunansa.

"Awona ba ya ƙarya," ya ce. "Zafi ne ya kumbura tukunyar. Bulo ɗaya zan cire, ku ba ni minti biyu."

"Halliru, bar shi," in ji Alhaji.

"Alhaji, ka yi Hajjinka, ka bar mini nawa fannin."

Ya ɗauko guduma. Bugun farko, filasta ta zubo. Bugu na biyu, bulo ya fita. Ya juyo yana murmushi zai yi magana, sai aka ji wani ƙara daga sama kamar ana taka busasshen kara. Malam Lauwali ya kama hannun Alhaji ya ja shi gefe. Hajja Kaka ta kifa murfi a kan tukunyar, ta ce wa ƙartin su ja ta baya, su kuwa suka ja da ƙarfin tsoro.

Ginin saman ƙofar ya sunkuya. Tankin ya karkato a hankali kamar mai gaisuwa, sannan ya kife a tsakar gida ya fashe. Gaban madafin ya biyo shi, da ƙyauren alminiyom da gilashi da fanka. Ruwa ya kwashi Halliru ya zaunar da shi a cikin kwandon tumatir. Da yake ya gyara gangaren tsakar gidan ya fuskanci soro, nan ruwan ya nufa gaba ɗaya. Dattawa suka tattare riguna suka hau kan benci. Ruwan ya ratsa tabarmi, ya kwashi tsibin takalman nan ya fita da su titi, suka bi kwata suna tafiya a jere.

Da ƙura ta lafa aka ƙirga mutane, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Can cikin abin da ya rage na madafin, ga Hajja Kaka tsaye, hannu ɗaya a kan murfin tukunya. Ta buɗe ta duba. Ko ƙasa ba ta shiga ba. Yanzu da babu ƙofa babu bango, ƙartin suka ɗauko tukunyar suka fito da ita a sauƙaƙe.

A tsaye aka ci walimar, mafi yawa ba takalmi, kuma an daɗe ba a yi walimar da aka yi nishaɗi irinta ba. Wani dattijo daga Gwiwa ya tafi gida da silifas a dama, takalmi sau-ciki a hagu. Bilqis ta zauna a bakin rijiya tana hawaye, ta ce ita ta jawo wa uwarta wannan. Hajja ta ce ta tashi ta raba nama, mai neman wa uwarsa sauƙi ba ya laifi, gini kuma ƙasa ce, ana sake kwaɓa ta.

Alhaji Madu ya yanke hukunci a gaban kowa, ba tare da ya ɗaga murya ba. Za a kira tsohon maginin unguwa ya tayar da madafin yadda Hajja take so. Halliru kuma zai kwashe ɓaraguzan nan kaf da kansa, ya ciro farin abin nan ya fitar da shi daga unguwar, ya wanke wa Malam Lauwali riga.

Da jama'a suka ragu, Hajja Kaka ta hango shi a rakuɓe a gindin darbejiya, shadda ta jiƙe, 'ya'yan tumatir manne a bayansa. Ta zuba dafa-duka a kwano har da tsoka biyu ta kai masa, don ba a taɓa zuwa gidanta an tafi da yunwa ba. Ya karɓa ya ci loma uku a sunkuye. A ta huɗu sai ƙarfinsa ya fara dawowa.

"Amma dai, Hajja, a riƙa faɗin gaskiya," ya ce. "Na ce tukunya za ta fito. Ta fito ko ba ta fito ba?"

Hajja Kaka ta dubi tarin bulo da fasasshen tanki, ta dube shi.

"Ta fito, Halliru," ta ce. "Har madafin ma ya rako ta."